Makin Roƙo Ba Ya Warkar da Majinyaci

Maganar da zan yi a yau na san ba za ta yi wa wasu mutanen Zongo daɗi ba, musamman iyayen da 'ya'yansu ke karatun kimiyya a makarantun mishan na nan Kumasi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin ya faru a gidanmu, shi ya sa nake da bakin magana.

Yayata tana sayar da shinkafa da wake a Aboabo, abincin nan da maƙwabtanmu suka ara daga bakinmu suka mayar da sunansa waakye. Da wannan tukunya ta riƙe ɗanta har ya ci jarrabawar BECE da sakamako mai kyau, kwamfutar rabon makarantu ta jefa shi wata sakandare ta 'yan Katolika, ajin kimiyya. Ranar da sunan ya fito sai da aka yi rabon abinci kyauta a layinmu. Kowa ya fara kiransa likita tun bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

A aji biyu, ƙarshen zangon farko, ya dawo hutu da takardar sakamako. Lissafi da sauƙi, Turanci da sauƙi. Kemistiri, wato kimiyyar sinadarai, maki 38, F9. Kafin la'asar labari ya kai majalisar masu shan ataya, kuma kafin magariba an yanke hukunci. Wani ya ce ai sunan yaron kawai ticha ya gani, ya san Musulmi ne. Wani ya ce a sa ɗan abu a ambulan a kai wa ticha, haka ake yi. Wani ya ce a cire shi a mayar da shi makarantarmu ta Musulmi. Na huɗu ya ce kada a damu, in shekarar ƙarshe ta zo akwai apo, wato tambayoyin jarrabawa na sata da ake sayarwa ta waya. Cikin mutum huɗun nan babu wanda ya ce a je a ga takardar da yaron ya rubuta.

Washegari yayata ta ce da ni, "Auta, kai ka yi boko, ka tashi mu je ka ji mini abin da ɗana ya yi musu." Muka hau mota muka tafi, ita da fushinta, ni da nawa zargin, domin ba zan ɓoye ba, ni ma maganar majalisa ta ɗan shige ni.

Tichan bai yi mana musu ba. Ya buɗe kabad ya fito da takardun ajin gaba ɗaya, ya zaro ta yaron ya shimfiɗa a gabanmu. A gwajin awon asid, inda ake ɗiga asid daga dogon bututun gilashi mai ma'auni, biyuret, cikin ruwan da aka auna har launi ya juya, yaron ya rubuta 24.5 a wurin da ake son 24.50. Ya yi awon sau uku ya sami lambobi masu nisa da juna, ya tara su ya raba uku kamar babu komai. A wata tambayar ya sami amsa daidai amma bai rubuta ko giram ba ne ko mol ba. A wata kuma amsa ce kawai tsirara, babu lissafin da ya kai shi gare ta. Ticha ya nuna mana takardar ka'idojin ba da maki, ya bi layi bayan layi: nan maki ɗaya ya tafi, nan biyu, nan uku. Sannan ya rufe sunaye da hannunsa ya nuna mana makin sauran ajin. Waɗanda suka faɗi suna da yawa, kuma da ya ɗaga hannun, akasarinsu masu sunan coci ne.

Yayata ta ce, "Ticha, to sifili ɗaya a bayan lamba shi zai sa a kayar mini da yaro?" Ya ce, "Hajiya, in na bar masa yau, wanda zai duba takardarsa ta WAEC ba zai bar masa ba, kuma shi ba za ki san ƙofarsa ba balle ki je."

Wannan amsa ita ce dukan abin da nake so in faɗa. Tichan da ya ba ɗanka F9 a aji biyu ya kuma nuna maka dalili, ya fi ƙaunar ɗanka a kan wanda ya ba shi B2 don a zauna lafiya.

Bari mu dubi yadda abin yake, don da yawa cikinmu muna faɗa a kan tsarin da ba mu taɓa tambayar yadda yake aiki ba. Makarantun mishan irin su Opoku Ware da ke Santasi da St. Louis ta 'yan mata da ke Oduom, waɗanda duka aka buɗe a 1952, Cocin Katolika ce ta kafa su, amma gwamnati ke biyan malamansu, manhajar ƙasa suke koyarwa, kuma jarrabawar ƙarshe ta WAEC ce, wato WASSCE. Manhajar nan ita ce dai ake karantawa a T.I. Ahmadiyya da aka kafa a 1950, da Islamic Senior High ta Abrepo, da Prempeh College. Babu kemistirin Katolika daban, babu na Musulmi daban. Jarrabawar takarda uku ce: ta zaɓen amsa mai tambaya 50, ta rubutu, da ta ɗakin gwaji, inda ake ba yaro sinadarai a hannu a ce ya auna ya kuma gano abin da ke ciki. Ma'aunin da makarantu ke bi kowa ya san shi: A1 daga maki 75 zuwa sama, C6 daga 50 zuwa 54, F9 ƙasa da 40. Jami'a ba ta karɓar abin da ya gaza C6 ga mai neman digiri, kuma darussa shida take tarawa, uku na dole uku na zaɓi. Mai son karatun likita a KNUST kuwa, sai ya zo da A1 a kusan dukkansu kafin a dube shi. Makin da makaranta ke tarawa a aji kashi 30 ne cikin ɗari, sauran 70 ɗin a hannun WAEC suke. Ko da ticha ya cika wa ɗanka buhu da maki, kashi 70 na nan na jiransa a ɗakin da babu uwa babu kawu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi kuma sifilin da yayata ta raina, ga amfaninsa. Ɗigo ɗaya daga biyuret kusan 0.05 ne na santimita kubik, kuma ɗigo ɗayan nan shi ke juya launin ruwan. Wanda ya rubuta 24.50 yana shaida cewa ya duba har wannan matakin. Wanda ya rubuta 24.5 bai faɗi ko ya duba ba. Shi ya sa ake son lamba biyu bayan ɗigo, ake kuma son awon da za a tara su kasance kusa da juna, kada tazararsu ta wuce 0.20. Batun rubuta giram ko mol kuma, ku tambayi duk wanda ke aiki a ɗakin magani na asibitin Komfo Anokye. Tsakanin miligiram da maikirogiram ninki dubu ne. Ma'aikacin da ya saba barin wannan a aji, wata rana zai bar shi a kan takardar maganin jariri. Ranar nan babu wanda zai tambaya ko Musulmi ne ko Kirista, gawa kawai za a miƙa wa uwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu mutanen Zongo mun fi kowa sanin tsanani a wajen koyo. A makarantar allo, wane malami ne ke barin yaro ya wanke allonsa alhali bai riƙe karatun ba? Wasali ɗaya ka karkace, sai an mayar da kai. Babu uban da ya taɓa zuwa ya ce malam ya tsani ɗana don ya hana shi wuce Tabbat. Godiya ma ake yi, a ce malam na da tsanani, a kai masa goro. Yaron da ke koyon gyaran mota a Suame Magazine, in ya ɗaure kusoshin taya da wasa, maigidansa ba ya ba shi rabin maki. Tela a Alabar ba ya sallamar yaron da ke yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ita kanta yayata, da muka dawo na tambaye ta: in 'yar aikinki ta zuba kanwa a tukunya da ka, ba awo, me za ki yi? Ta ce a ranar za ta koma wanke-wanke. Ta san kanwa kaɗan ke sa wake ya yi laushi ta kuma fito da jan karan dafi, in ta yi yawa abinci ya ɓaci, ciniki ya tafi. To me ya sa tsananin da muke yabo a kan allo da tukunya da taya ya zama ƙiyayya da zarar an shiga ɗakin gwaji?

Kuma wa ya ce mana wannan ilimi na wasu ne, mu baƙi ne a cikinsa? Sunan kemistiri kansa daga kalmar Larabci alkimiya ya samo asali. Kalmar alkali, wadda ake kiran dangin kanwa da ita a aji, daga Larabci take, tana nufin tokar tsiro, irin tokar da iyayenmu mata ke tacewa su haɗa da mai su yi sabulu. Jabir ɗan Hayyan da Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, suna cikin waɗanda duniya ke ambata in ana tarihin wannan fanni. Zuba ɗan ruwan kanwa a zoɓo, wanda a nan ake kira sobolo, ka ga yadda ja ke komawa duhu. Abin da ake nuna wa yara ke nan a aji da sinadarin da ke sauya launi. Yaron Zongo ya taso cikin wannan ilimi tun yana goye. Abin da makaranta ke ƙara masa shi ne awo da rubutawa, kuma su ne muke roƙon a yafe masa.

Na san abin da za a ce mini: kana nufin babu wariya a makarantun mishan? Akwai, kuma ban manta ba. A 2021 makarantar Wesley Girls ta Cape Coast, wadda ta Cocin Methodist ce, ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumin Ramadan. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umarnin a bar yara su yi azumi, cocin ta ƙi amincewa, ƙasa ta ɗauki zafi. Batun hijabi, da wurin salla, da tilasta wa yara shiga addu'ar coci, duk maganganu ne na gaskiya, kuma dole mu ci gaba da yin su da babbar murya. Amma saboda suna da nauyi ne ya sa bai kamata mu ɓarnatar da su ba. Duk lokacin da muka ɗauki kalmar wariya muka liƙa wa makin da yaro ya jawo wa kansa, muna rage wa kalmar daraja. Ranar da za a hana wata yarinya salla da gaske, in muka yi kuka sai a ce ai su ne masu kuka a kan komai. In kana zargin ticha, hanya a buɗe take: nemi takardar yaron, nemi ka'idar maki, ɗauko ta wani yaro a gwada. In an yi zalunci zai fito a fili, sai a kai ƙara da hujja a hannu. In ba a yi ba, ka ci naman bawan Allah a majalisa, kuma mun san hukuncin wannan a addininmu. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Accra a 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari, don ya nuna zaman tare. Ba ƙaramin abu ba ne mu riƙa rushe irin wannan gini saboda maki 38.

Masu ambulan da masu apo kuwa, su ne maƙiyan yaron na gaskiya, ko da sun fito ciki ɗaya da uwarsa. A 2015 WAEC ta soke takardu biyar na BECE saboda tambayoyi sun fita, yaran ƙasa gaba ɗaya suka sake zama, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kowace shekara ana soke sakamakon wasu, ana riƙe na wasu. A ce ma yaro ya tsira, ya shiga jami'a da A1 ɗin da ba nasa ba. Shekarar farko za a sake miƙa masa biyuret ɗin nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ku duba abin da muka koya masa tun yana ɗan shekara goma sha shida: cewa in abu ya yi wuya, a nemi wanda za a saya. Sannan mu zauna a majalisa muna zagin 'yan siyasa da cin hanci.

Wannan bai wanke makarantun ba. Tsanani yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya ɗauki tsanani ya bar sharuɗɗan mugu ne kawai. Ina da buƙatu huɗu a kan duk makarantar mishan da ke alfahari da horo.

Na farko, a faɗa wa yaro abin da ake so tun ranar farko, a rubuce: abin da za a karanta a zangon, yadda za a raba maki tsakanin gwaji da aikin gida da ɗakin gwaji, da kurakuran da ke cin maki. Hukunci ba ya halatta sai bayan an yi gargaɗi. Kuma a kira iyaye a yi musu bayani da harshen da suke ji, Hausa ko Twi, tunda ba kowace uwa ce ke karanta takardar Turanci ba.

Na biyu, a mayar wa kowane yaro takardarsa da jan biro a kai, a kan lokaci. Makin da ba a nuna dalilinsa ba shi ke haifar da zargi. Da tichan nan ya ce mana takardu sun ɓace, da yau wata maƙalar daban nake rubutawa.

Na uku, a bar yara su taɓa kayan gwaji da hannunsu tun da wuri. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 ajujuwa suka cika, har aka shigo da tsarin karatun kashi biyu a 2018. An kuma ware kashi 30 cikin ɗari na gurabe a manyan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, kuma ta wannan ƙofa 'ya'yan Zongo da yawa suka shiga. Yaron da ya fito daga irin waɗannan makarantu sau da yawa a allon bango kawai ya taɓa ganin hoton kwalbar gwaji. Ga shi Turanci harshensa na uku ne, bayan Hausa da Twi. Kada a rage masa ma'auni, amma a ba shi ƙarin sa'o'i da ƙarin bayani don ya kai ma'aunin. Kuma kada a sa aikin ɗakin gwaji daidai lokacin sallar Juma'a sannan a ce yaro ya ƙi zuwa.

Na huɗu, gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa da ake nunawa a talabijin abin alfahari ce, kuma makarantun Kumasi sun sha ɗauko kofin. Amma yara ƙalilan ke hawa dandali. Kada a tattara mafi kyawun malamai da mafi yawan lokaci a kan 'yan tsirarun da ake shiryawa gasa, a bar sauran ajin da ragowa. Darajar makaranta tana ga yaron da ya shigo da F9 ya fita da B3.

Mu kuma namu aikin ya fi nasu yawa. Yaro ya dawo hutu, ina zai zauna ya yi karatu a gidan haya mai ɗaki goma da rediyo goma? Masallatanmu suna da fitila da tabarma, kuma tsakanin isha'i da ƙarfe goma a rufe suke. Zongo na da 'ya'ya a KNUST, masu karanta harhaɗa magunguna da injiniya da aikin jinya. Me zai hana kowace unguwa, Aboabo da Asawase da Sawaba da Sabon Zongo, ta nemi biyu daga cikinsu su zauna da ƙannensu ranar Asabar? Kuɗin ankon biki ɗaya ya isa sayen littafin tsofaffin tambayoyin WAEC na yara da dama. 'Ya mace da ke ajin kimiyya kuma, in ta dawo hutu a sauke mata tallar nan, a bar ta da littafinta. Uwa ko ba ta iya karatu ba tana iya cewa, kawo takardar da aka duba maka in gani, nuna mini inda jan biro ya taɓa. Wannan tambaya kaɗai tana sa yaro ya shiga taitayinsa.

Muna kukan cewa in mun je asibiti ba ma samun wanda ke jin harshenmu. Muna kukan matanmu ba sa samun likita mace. Muna ganin yadda masu haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya suka mayar da kogin Offin da na Pra ruwan kunu, ga sinadarin makuri da suke wanke zinariya da shi yana shiga ruwa da kifi. Wa zai auna mana ruwan da muke sha ya faɗa mana gaskiya? Sai wanda aka hana shi maki a kan sifili ɗaya har ya koyi dubawa da kyau. Zongo ba ta rasa masu takardar shaida ba. Masu iya aikin take nema.

Ɗan yayata bai bar makarantar ba. A hanyar dawowa na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ticha ya faɗa mana batun lamba biyun nan tun farkon zango, ni na ɗauka ba wani abu ba ne." Uwarsa ba ta ce komai ba har muka sauka. Da dare na ji tana gaya wa maƙwabciyarta cewa daga yau duk wanda ya sake kawo mata maganar ambulan, ya nemi wani wurin cin shinkafa da wake. Ko yaron zai zama likita, Allah kaɗai ya sani. Amma yanzu in ya rubuta lamba yana rubuta abin da take aunawa a gefenta.

Ku je ku ga takardun 'ya'yanku kafin ku je majalisa. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ba malamansu adalci da haƙuri, mu kuma Ya ba mu juriyar jin gaskiya. Wassalam.